Darasin Sana'a: Yadda Ake Cika Gas A Esin Mota

Darasin wannan fitowa na samarinmu ne da ke koyon kanikanci a garejojin Garwa, Marwa da Mokolo, da kuma iyayen da suka tura su. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa yakan haura digiri 40, lokacin ne masu motoci ke cika gareji suna neman a ƙara musu gas a esi, wadda mutanen nan ke kira kilim. Aikin yana kawo kuɗi, amma yaron da ya yi shi da ka yana iya rasa ido ko hannu.

Da farko a gane cewa gas ɗin esi ba ya ƙonewa ya ƙare kamar fetur. Zagayawa yake yi cikin bututu a rufe: kwamfaresa ta matse shi, ya bi ta kwandensa da ke gaban lagireto ya huce ya zama ruwa, sannan ya shiga cikin mota ya koma iska yana kwashe zafi. Saboda haka idan ya ragu, akwai inda yake yoyo. Wanda ya ɗura sabo bai toshe wurin ba, ya zuba ruwa a kwando ne, kuma mai motar zai dawo da faɗa. Wani lokaci ma gas ɗin yana nan lafiya, ƙurar hunturu ce ta toshe kwandensa, ko fanka ta tsaya, ko fis ya ƙone. A duba waɗannan tukuna.

Sai a ɗaga bonet a nemi 'yar takardar da aka manna. Ita ke faɗin irin gas ɗin da nauyinsa, galibi tsakanin giram 400 zuwa 800 a ƙananan motoci. Yawancin motocin da ke yawo a nan R134a suke sha. Tsofaffin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 sun zo da R12, wanda aka daina yi bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana ɓata sararin samaniya. Sababbin motocin Turai daga 2017 kuwa R1234yf ne. Ba a gauraya su.

Wurin yoyo akan gane shi da jiƙewar mai a mahaɗar bututu, ko a shafa kumfar sabulu a ga inda take tasowa. Idan za a gwada da matsin iska, naitirojin kaɗai ake sawa. Kada a kuskura a jawo tukunyar oksijin ta masu walda, ko da oga ne ya ce a yi, domin oksijin da man kwamfaresa idan sun haɗu cikin matsi fashewa suke yi.

Bayan an gyara, a haɗa geji: shuɗin tiyo a bututu mai kauri, ja a siriri, rawaya a famfon zuƙe iska. A bar famfon ya yi aiki kamar minti 30 don ya fitar da iska da laima. A rufe, a jira. In allura ta koma baya, har yanzu akwai yoyo. In ta tsaya cak, sai a ɗora tukunyar gas a kan sikeli a tsaye, a tada mota, a kunna esi, a riƙa sakin gas a hankali ta shuɗin ɓangare har nauyin da takarda ta faɗa ya shiga. Jan makunni a bar shi a rufe muddin inji na aiki, in ba haka ba matsi zai koma cikin tukunya. Masu ɗurawa da ido suna cewa "ƙara kaɗan" su ne ke kashe wa mutane kwamfaresa, don gas in ya yi yawa sanyin raguwa yake yi.

A sa tabarau da safar hannu. R134a yana fita da sanyin da ya kai digiri 26 ƙasa da sifili, yana ƙona fata kamar wuta. In ya taɓa ido, a wanke da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Kada a yi aikin a ɗaki rufe ko kusa da mai walda, don gas ɗin in ya taɓa wuta yana zama hayaƙi mai guba.

Akwai kuma gas na jabu. A 2011 wasu kwantenoni masu sanyi sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka mutu, aka gano an gauraya gas ɗinsu da wani mai suna R40 da ke cin alminiyam. Tukunya mai arha fiye da kima, ba hatimi, a guje ta. Gas ɗin girki ma yana sanyaya mota, shi ya sa wasu ke ɗura shi, amma yana yoyo ya haɗu da tartsatsi sai gobara, ga fasinja a ciki.

Iyaye, dokar ƙwadago ta Kamaru ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da a matsayin mai koyon sana'a. Kafin ku miƙa ɗanku, ku je garejin ku ga ko akwai sikeli, famfon zuƙe iska da tabarau. Idan yaro ya ji rauni a wurin aiki aka ƙi kula da shi, a kawo maganar ofishin kariya, akwai tafinta.