Darasi na 9: Hannatu da Mutane Uku da Suka Kewaye Ta

Karatu: 1 Sama'ila 1:1-20
Aya ta haddacewa: Galatiyawa 6:2

A ƙasar nan in mace ta haihu, sai sunanta na yanka ya ɓuya, a riƙa kiranta Maman Wane. Wadda ba ta haihu ba kuwa, ko ta yi furfura, da sunan ƙuruciyarta a ke kiranta, ko wace gaisuwa tana tuna mata abin da ta rasa. Hannatu irin wannan mace ce. Bari mu duba mutane uku da Allah ya sa kusa da ita.

1. Kishiya mai gori (aya 6-7)

Feninna tana da 'ya'ya, ta kuwa mai da kyautar Allah sandan dukan 'yar'uwarta. Ku lura da lokacin da ta kan tsananta gorin: sa'ad da iyalin suka haura Shilo yin sujada. Ashe gidan Ubangiji ya iya zama wurin da bakarariya ta fi shan zafi. Mu yi hankali da bakinmu ran suna, da ran miƙa jarirai. Kada kuwa wani ya ce rashin haihuwa hukuncin zunubi ne, gama Luka 1:6-7 ya shaida Zakariya da Alisabatu adilai ne, suka tsufa ba ɗa.

2. Miji mai ƙauna (aya 5, 8)

Elkana bai kore ta ba, bai rage mata rabo ba, har ya fifita ta. Wannan abin koyi ne ga mazajen ikilisiya. Duk da haka ya jera mata tambayoyi huɗu, Nassi bai nuna ya jira amsa ba. Ya so kukan ya ƙare tun bai ji dalilinsa ba.

Akwai kuma abin da Elkana bai sani ba, mu kuwa mun sani. A shekara ta 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum ɗaya cikin shida ya kan gamu da wannan wahala a zamansa na duniya. Likitoci kuma sun tabbatar sau da yawa dalilin yana wajen namiji. Saboda haka miji da mata su tafi asibiti tare, ko Jankwano a nan Jos, wanda mishan ta S.I.M. ta buɗe a 1959, ko wani dabam. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne.

3. Firist da ya gyara kuskurensa (aya 12-18)

Eli ya ga leɓunanta suna motsi ba murya, ya zaci ta bugu, ya tsauta mata. Amma da ta ba shi amsa, ya kasa kunne, ya sauya magana, ya sallame ta da salama. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, a aya 18 Hannatu ta ci abinci, fuskarta ta sake. Ba ta riga ta yi ciki ba tukuna. Abin da ta samu a ranar shi ne, ta zube nawayarta a gaban Ubangiji, wani bawansa kuma ya ji ta. Ta'aziyya ta riga jaririn zuwa.

Aikinmu

Hannatu ta haifi Sama'ila, amma ba kowace mai addu'a ce za ta goya ba, kada mu yi alkawarin da Allah bai yi ba. Ga wanda ya yi: cikin Ishaya 56:3-5 ya ce zai ba bayinsa marasa zuriya suna a gidansa wanda ya fi na 'ya'ya, ba kuwa za a shafe shi ba.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Zumuntar Mata ta saba kai itace da abinci gidan mai jego da gidan makoki. Amma makokin bakarariya ba ranar da a ke taruwa dominsa, kowane wata ya kan sabunta a ɓoye. Sai mata biyu ko uku masu riƙon asiri su ɗauki ziyararta. Su zauna, su ji, kada su kawo mata labarin boka ko shawarar kishiya. A ba ta aiki a ikilisiya gwargwadon baiwarta, dattawa kuma su nemi mijin, gama shi ma yana da nasa kuka.

Tambayoyi

1. Me ya sa Shilo ta zama wurin kuka ga Hannatu?
2. Ina Elkana ya kyauta, ina kuma ya kasa?
3. Wa ya daina zuwa sujada a cikinku saboda wannan? Wa zai je wurinta makon nan?

Addu'a: Ya Ubangiji mai jin kukan da ba murya, ka ba mu kunne irin naka, ka tsare harshenmu, domin Yesu Almasihu. Amin.