Darasin Kiwon Lafiya: Fushi da Ɓacin Ran Mai Jego

Haihuwa abin murna ce. Da an ji kukan jariri, sai gida ya cika da 'yan barka. Amma akan sami mai jego wadda ranta ke ɓace a cikin wannan murnar. Ta yi ta kuka, ta yi ta faɗa, abu kaɗan ya tunzura ta.

Ga misali. Mace ce mai haƙuri, an san ta da fara'a. Ta sauka lafiya. Kwana 4 da haihuwa sai ta canza. Miji ya yi mata magana, ta daka masa tsawa. Yaro ya ɓarar da ruwa, ta kai masa duka. Uwar miji ta ce raini ne. Maƙwabta suka ce kishiya ce ta yi mata sammu. Wasu suka ce iska ce. Kafin a yi arba'in, magana ta kai ga yaji ko saki.

Sau da yawa irin wannan fushi ba mugun hali ba ne. Alama ce ta gajiya ko ta ciwo. Idan mutanen gida suka gane haka da wuri, za a tsirar da aure, a tsirar da uwa da ɗanta.

ME KE KAWO SHI?

Na farko, canjin jiki. Lokacin da mace take da ciki, mabiyiya tana zuba wasu sinadarai masu yawa a cikin jininta. Likitoci suna kiran su homon. Da mabiyiya ta faɗo, sai sinadaran su ragu ƙwarai a cikin 'yan kwanaki. Wannan raguwa ta farat ɗaya tana taɓa yanayin zuciyar mace.

Na biyu, rashin barci. Sabon jariri yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Uwa ba ta samun barci mai tsawo. Kowa ya san wanda bai yi barci ba yana da saurin fushi.

Na uku, ƙarancin jini. Mace tana zubar da jini wurin haihuwa. Idan jinin bai mayu ba, za ta riƙa jin kasala, da jiri, da ƙunci.

Na huɗu, damuwa. Hidimar suna a rana ta 7, da yawan baƙi, da rashin abin hannu, da gorin an sake haifar mace, da zaman kishi, duk suna ƙara nauyi a zuciya. Haka nan wahalar naƙuda, ko rasuwar jariri.

IRI UKU NE

1. Ƙuncin kwanakin farko. Wannan shi ya fi yawa. Fiye da rabin masu jego suna yin sa. Yakan fara kwana 2 ko 3 bayan haihuwa. Mace ta yi kuka, can kuma ta yi dariya. Ta ji haushin kowa, sannan ta huce. Duk da haka tana cin abinci, tana kula da jaririnta. Yana wucewa da kansa kafin kwana 14. Ba ya bukatar magani, sai hutu da lallashi.

2. Ciwon damuwa. Idan ƙuncin ya wuce kwana 14, ko yana ƙaruwa, to ya zama ciwo. Yana iya farawa a kowane lokaci cikin shekarar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 tana samun irin wannan matsala bayan haihuwa. Alamominsa su ne:
- ba ta iya barci, ko da jariri yana barci;
- ba ta son abinci;
- ba abin da ke faranta mata rai;
- tana ganin ita ba uwar kirki ba ce;
- tana yawan tsoro a kan jariri, ko kuma ba ta jin shaƙuwa da shi;
- tana fushi mai tsanani, daga baya ta yi ta nadama.

Wata ba za a ga hawayenta ba sam. Faɗa da tsawa kaɗai za a gani. Shi ya sa ake ɗaukar ta mafaɗaciya, alhali mara lafiya ce.

3. Rikicewar hankali. Wannan bai da yawa. Yana samun mace 1 ko 2 cikin 1,000. Yawanci yana zuwa ba zato cikin mako 2 na farko. Mace ta kwana ba barci, ta yi ta surutai marasa kan gado. Ta ji muryoyi, ko ta ga abin da babu. Wata ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan ciwon gaggawa ne. Yana da magani, kuma yawancin mata suna warkewa sarai.

ALAMOMIN DA BA A JIRA

A kai mai jego asibiti a ranar idan ta ce gara ta mutu, ko ta ce tana jin za ta cutar da kanta ko jaririnta. Haka nan idan hankalinta ya rikice, ko ta ƙi ci da sha. Idan kuma akwai zazzaɓi mai zafi, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani, kada a kwana da ita a gida. Kafin a isa asibiti, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta. Addu'a ba ta hana neman magani. A haɗa su biyun.

IDAN FUSHI YA TASO

Mai jego ta kwantar da jariri rigingine a wuri mai aminci, ta fita tsakar gida. Ta sha ruwa, ta zauna, ta ja numfashi a hankali. Kukan minti 5 ba zai cutar da jariri ba. Amma jijjiga shi da ƙarfi yana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Hakan na iya makantar da shi, ko ya kashe shi. Don haka ba a jijjiga jariri cikin fushi, ko kaɗan.

Ta kuma buɗe baki ta yi magana. Kunya takan hana mai haihuwar fari faɗin damuwarta. Amma ba abin kunya ba ne ta ce, "Inna, don Allah karɓi yaron nan, raina a ɓace yake."

AIKIN MUTANEN GIDA

Al'adar Hausawa ta san mai jego na bukatar hutu. Shi ya sa ake kwana 40 ana yi mata hidima. Shi ya sa mai haihuwar fari ke tafiya goyon gida wurin iyayenta. A riƙe wannan taimako, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Miji kada ya rama faɗa da faɗa. Kada ya yanke hukuncin saki a wannan lokaci. Ya fi kyau ya ce, "Sannu da fama. Kawo shi in riƙe miki, ki ɗan runtsa." Ya sama mata abinci mai ƙara jini gwargwadon hali, kamar wake, zogale, hanta, ƙwai da kifi.

Uwar miji, da abokiyar zama, da 'yan'uwa mata su ɗauke mata daka, da ɗiban ruwa, da girki. A rage mata baƙi idan tana barci. A daina cewa, "Mu ma mun haihu, ba mu yi haka ba." Jiki ba ɗaya ba ne. Ungozoma kuma ta riƙa tambayar ta yadda take ji a ranta, ba wanka da cibiya kaɗai ba.

ZUWA ASIBITI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego sau 4: a ranar farko, da rana ta 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da bayan mako 6. A shekarar 2022 hukumar ta ce a riƙa binciken ciwon damuwa a lokacin wannan dubawa. To, mai jego ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya gaskiya. Za a auna jininta, a saurare ta, a ba ta shawara. Idan da bukatar magani, akwai waɗanda ba sa hana shayarwa. Kada a sayi maganin barci a kasuwa.

Idan abin ya fi ƙarfin asibitin ƙauye, za a tura ta babban asibiti. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Wadda ta taɓa yin ciwon a haihuwar baya, ta faɗa tun wurin awon ciki, domin yana iya dawowa.

Abin riƙewa shi ne lissafin kwana 14. Ƙuncin da ya wuce haka, a nemi asibiti. Rikicewar hankali kuwa, ko kwana ɗaya ba a jira.

TAMBAYOYI

1. Kawo abubuwa 3 da ke sa mai jego saurin fushi.
2. Ƙuncin kwanakin farko yana wucewa kafin kwana nawa?
3. Me ya sa ba a jijjiga jariri cikin fushi?
4. Waɗanne alamomi ne ke sa a kai mai jego asibiti a ranar?
5. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa mutum 2 a gidansu, ya rubuta abin da suka ce.