Darasi Na 14: Giwan Ruwa Da Shirin Tafiya Argungu

Karatu

Ɗalibin da ya tashi a Karu ya saba ganin kifi a kasuwa, ko ɗanye cikin roba, ko banda a kan tire. Da wuya ya taɓa ganin kifin da ya fi shi nauyi. Amma akwai irin wannan kifi a manyan ruwayen Nijeriya, kamar kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi. Hausawa suna kiransa giwan ruwa saboda girmansa. Idan ya daɗe a ruwa, yakan kai tsawon mita 2, nauyinsa kuma ya kusa kilo 200.

Wurin da aka fi sani da farautar wannan kifi shi ne Argungu, a Jihar Kebbi. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara. Kafin nan, an daɗe ana gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Kabawa suka shirya gagarumin su don girmama baƙonsu, daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a kiyaye.

Bikin yakan ɗauki kwana 4, yawanci a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwa ya ja baya. Akan yi tseren kwalekwale, da kamun agwagwa, da kokawa. A ranar ƙarshe dubban masunta sukan jeru a bakin kogin Matan Fada. Da an buga bindiga sai su ruga cikin ruwa, kowa da gora da homa. Gora yana taimaka wa masunci ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba ƙananan kifayen da ya kama. Bayan kamar awa ɗaya sai a fito, a ɗora manyan kifaye a kan sikeli. A bikin shekarar 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Me ya sa ake samun kifi mai wannan girma a Matan Fada? Dalili shi ne haƙuri. Akan hana su a wannan yanki na kogin har sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa ne yake lura da dokar. Kifin da aka bari ya shekara da shekaru shi ne yake zama giwa. A kogunan da ake amfani da taru mai ƙananan idanu, ko ake zuba guba a ruwa, ƙanana da manya duk mutuwa suke yi, har masunta su rasa abin kamawa.

Mai son ganin bikin daga Karu sai ya yi shiri da wuri, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da farko ya tabbatar da ranar bikin daga sanarwar gwamnatin Jihar Kebbi, saboda ba kowace shekara ake yin sa ba. An taɓa shafe shekara 10 ba a yi ba, sai a 2020 aka dawo da shi. Na biyu, ya zaɓi hanya. Yana iya bi ta Kaduna da Zariya da Gusau zuwa Sakkwato, daga can Argungu kimanin kilomita 100 ce. Yana kuma iya bi ta Minna da Kwantagora da Yawuri zuwa Birnin Kebbi. Kowace hanya tafiyar yini guda ce, don haka ya yi sammako, ya kuma tambayi direbobi halin da hanya take ciki. Na uku, ya nemi masauki tun kafin ya tashi, domin baƙi sukan cika garin. Kada ya manta da malafa da ruwan sha, domin rana tana da zafi a bakin kogi.

To, idan mutum ya kama babban kifi, yaya zai adana tarihinsa? A wurinmu akan auna kifin, a ɗauki hoto, sannan a ci naman ko a yi banda. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila kuwa, wasu sukan mayar da kifin abin ado. Gwani zai feɗe fatar a hankali, ya kankare tsokar, ya shafa maganin da zai hana ta ruɓewa. Sai ya lulluɓa ta a kan wani gunki na katako ko soso mai siffar kifin. Idan ta bushe, launinta yakan dushe, don haka sai ya yi mata fenti, ya sanya idanu na gilashi, ya kafa kifin a kan allo, a rataye a bango.

A yau masunta da yawa a can sun bar wannan hanya. Sukan auna tsawon kifin da kaurinsa, su ɗauki hotonsa, su sake shi ya koma ruwa da ransa. Daga baya gwani ya ƙera musu kwatankwacinsa da roba. Ta haka mai su ya sami abin tunawa, kifi kuma ya ci gaba da hayayyafa. Wannan dabara da dokar Matan Fada manufarsu ɗaya ce: a bar wa kogi rabonsa, don na baya su ma su ga giwan ruwa da idonsu.

Sababbin Kalmomi

su: sana'ar kamun kifi
masunci: mai yin su, jam'insa masunta
homa: ragar kamun kifi da ake riƙewa a hannu
taru: doguwar raga da mutane da yawa suke ja
banda: kifi ko nama da aka busar da hayaƙi
gaba: rashin jituwa mai tsanani
sammako: tashi tafiya da sassafe
feɗe: cire fata daga jikin dabba

Tambayoyi

1. Wane abu ne ya faru a Argungu a shekarar 1934?
2. Mene ne amfanin gora ga masunci?
3. Don me kifi yake girma sosai a Matan Fada?
4. Kawo abubuwa 3 da mai tafiya Argungu zai shirya.
5. Wace hanya ce ta fi kyau wajen adana tarihin babban kifi? Kawo dalilinka.

Nahawu

Ana amfani da "kan" don nuna aikin da aka saba yi: yakan kai, sukan jeru, akan auna. Nemo jimloli 5 masu irin wannan siga a cikin karatun, sannan ka rubuta naka guda 3.

Aikin Gida

Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makarantarku, kana neman izinin ajinku ya ziyarci Argungu. Bayyana lokacin tafiya, da hanyar da za ku bi, da abin da kuke fatan koyowa.