Allurar bakin yanka kafin a rufe ɗinki

Idan an gama ciro jariri ta hanyar tiyata, ko an gyara gwaiwa, kafin a rufe fata likita kan ɗauki sirinji ya bi gefen yankan yana tsira allura, daga naman ciki har zuwa ƙarƙashin fata. Aikin 'yan mintuna ne. Mai wannan rubutu ma'aikacin sa barci ne da ya daɗe a ɗakin fiɗa, kuma a daren farko bayan aiki yake ganin amfanin waɗannan mintuna: mai jegon da aka yi wa allurar takan iya juyawa ta ba jaririnta nono, wadda ba a yi wa ba sau da yawa tana kwance ƙam, ko tari tana tsoron yi.

Maganin yana toshe hanyar da jijiya ke bi ta kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa, a wurin da aka zuba shi kaɗai. Tun 1884 aka fara wannan fanni, lokacin da Carl Koller ya kashe zafin ido da hodar iblis a Biyana. Lidocaine, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, yana kamawa da sauri amma yakan saki cikin awa ɗaya zuwa biyu. Bupivacaine ya fi jinkirin kamawa, sai dai yakan kai awa huɗu zuwa takwas, shi ya sa aka fi zaɓarsa don bakin yanka. Duka biyun suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba su da tsada.

A ƙasar Hausa ana yaba dauriya, musamman ga mace. Amma zafin yanka ba abin daurewa ba ne. Wanda cikinsa ke ciwo ba ya jan numfashi sosai, majina ta taru a huhu. Ba ya tashi ya taka, jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Allurar kuma tana rage buƙatar magunguna masu ƙarfi irin su pentazocine, masu sa jiri da amai.

Tana da iyaka. Ba ta kai wa ga murɗawar mahaifa ko ciwon hanji, kuma ba ta kamawa da kyau a naman da ya yi ruwa. Idan ta saki, zafi yana dawowa, don haka ake ba da farasitamol da makamantansa a kan lokaci, tun ciwon bai taso ba.

Adadin maganin da nauyin jiki ake auna shi: bupivacaine ba a wuce miligiram biyu a kowane kilo. Idan ya yi yawa ko ya shiga jini, majiyyaci kan ji leɓensa ya mutu, ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne na ƙara, daga nan sai jijjiga ko bugun zuciya ya rikice. Duk mai jinyar da ya ji majiyyacinsa ya ambaci ɗaya daga cikin waɗannan, ya kira nas nan take. Kafin shiga tiyata kuma, majiyyaci ya tambayi likita ko za a yi masa allurar bakin yanka, ya faɗa masa idan allurar cire haƙori ko ta ɗinki ta taɓa ba shi matsala.