Amsar Tambaya: Masu Yi Wa Buri Dariya

Tambaya: Malam, ina koyarwa a Keffi. Ɗalibaina suna yi wa duk mai babban buri dariya. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri. Dariyar nan, a ganina, alamar tsoro ce, saboda haka kada ki tsawata musu a bainar jama'a, domin kunyatarwa takan ƙara taurin kai. Ki haɗa su biyu-biyu don muzakara, kowa ya bayyana muradinsa, abokinsa ya riƙa tuntuɓarsa duk Alhamis. Ki shaida musu cewa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2007, a Kwalejin Gwamnati ta Keffi ya yi karatu. Sa'an nan, da izinin iyayensu, ki kai su ziyara Jami'ar Jihar Nasarawa.