Ƙafar icce mai lanƙwasawa da lafiyar mai takalmi

Manoma da makiyayan Damargu, daga Tanut har Belbeji, sun san ƙaya da ƙarangiya. Buɗaɗɗen takalmi yana kare tafin ƙafa, amma yatsu da dunduniya sai rufaffe.

Shi rufaffen takalmi, a kan wata ƙafar icce ake ɗinka shi, wadda aka sassaƙa da siffar ƙafar mutum. A yau galibi da roba mai tauri ake yin ta. Baduku yana jan fata a kanta, ya bar ta har ta ɗauki siffa.

Wuyar aikin tana wurin fitarwa, domin bakin takalmi ya fi cikinsa ƙanƙanta. In ƙafar iccen dunƙule take, sai an ja da ƙarfi, ɗinki ya tsinke ko bayan takalmin ya saki. Shi ya sa aka raba ta biyu, gaba da dunduniya, aka haɗa su da ƙarfe mai lanƙwasawa irin na ƙofa. Daga sama aka yanke gurbi mai siffar harafin V. In baduku ya lanƙwasa ta, gurbin ya rufe, tsawonta ya ragu, dunduniya ta fara fita, sauran ya biyo.

Wata ƙafar iccen ana shimfiɗa mata ƙarfe a ƙasa, don ƙusar da aka buga ta ci karo da shi, bakinta ya tanƙwashe. In ba haka ba, tsinin yana huda ƙafa, ƙasar gona da kashin dabbobi su shiga ciwon, cutar tetanos ta samu hanya. Kafin ku saya, ku zura hannu cikin takalmin ku shafa.