Manyan Duwatsun Da Mutanen Dā Suka Kafa

In mutum ya tashi daga Kaura Namoda ya nufi Zurmi, ya tambayi dattawa labarin garin Dutsi, za su gaya masa can ne sarakunan Zamfara na fari suka zauna, tun ba a gina Birnin Zamfara ba. Akwai tuddan kaburbura a wurin, ana cewa nasu ne. Ana kuma cewa su Dakka da waɗanda suka gaje shi ƙatti ne, ba irinmu ba. A darasinmu na wannan wata za mu koyi wata kalma wadda za ta taimake mu mu gane irin waɗannan wurare.

Ma'anar kalmar

Kalmar ita ce megalit. Daga Helenanci aka samo ta, gama a harshen nan megas shi ne babba, litos kuwa dutse. Amma ba kowane babban dutse ake kira haka ba. Sai a duba abu uku. Na ɗaya, hannun mutum ne ya ɗauko shi ya kafa. Na biyu, nauyinsa ne ya riƙe shi, ba laka ko siminti ba. Na uku, galibi waɗanda suka kafa shi ba su bar labarinsu a rubuce ba.

Saboda haka Dutsen Kwatarkwashi, duk da girmansa, ba megalit ba ne, gama ba mutum ne ya sa shi can ba. Tudun ƙasa ma ba shi ba ne, sai in an yi shi da manyan duwatsu. Amma tudun kabari da dutsen da aka kafa 'yan'uwan juna ne, domin sau da yawa nufinsu ɗaya, watau kada a manta da wanda ke kwance a wurin. Al'adar kafa dutse domin tuni ba baƙuwa ba ce gare mu, tun da mun san duwatsu 12 da Joshuwa ya kafa a Gilgal.

Inda ake samunsu

A Ingila akwai Sitonhenj, wanda aka soma ginawa wajen shekara 3000 kafin haihuwar Almasihu. Manyan duwatsunsa sukan kai ton 25 kowanne. Ƙananan kuwa daga ƙasar Wales aka kawo su, tafiyar mil 150.

A Sanagal da Gambiya akwai da'irori fiye da 1,000 na dutsen marmara, wanda aka sassaƙa da kayan ƙarfe aka kafa a makabartu. A Sine Ngayene kaɗai akwai da'ira 52.

A ƙasarmu ma akwai su. A yankin Ikom, cikin Jihar Kuros Riba, akwai duwatsu kusan 300 da aka sassaƙa musu fuskar mutum. Mutanen wurin suna kiransu akwanshi, suna cewa kakanninsu ne. Wani Bature mai suna Philip Allison ya bi su ya ƙidaya a 1961 da 1962. Bayan wannan ɓarayi suka sace waɗansu, aka sayar a ƙasashen waje, gobarar daji kuma ta fasa waɗansu.

Ƙatti ne suka yi su?

Abin mamaki, Turawan dā su ma sun ce ƙatti ne suka ɗauko duwatsun Sitonhenj. Ko'ina mutum in ya ga aikin da ya fi ƙarfinsa, sai ya ce ba ɗan adam ne ya yi ba. Amma da masana suka tona wuraren nan, ƙasusuwan da suka samu na mutane ne kamarmu. Da igiya da gungume da hannu mai yawa suka yi aikin. Duk wanda ya taɓa ganin gayya ya san abin da mutum ɗari za su iya in bakinsu ya zo ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kafin mutane masu yawa su bar gona su ja dutse, tilas akwai mai ba da umarni, akwai hatsi a rumbu da za a ciyad da su. Ashe dutsen yana ba da labarin zaman jama'a ne.

Abin da ya wajaba a kanmu

A Durbi Takusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, akwai tuddan kaburburan sarakunan dā. An tona su a 1907, aka sake tonawa a 1992. An sami wuri, da hauren giwa, da zinariya, da kwanon tagulla wanda ya fito daga ƙasashen gabas. Domin masana sun auna sun rubuta inda kowane abu yake kwance, shi ya sa muka san Hausawa suna ciniki da ƙasashe masu nisa tun shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Da mai neman dukiya ne ya riga su da dare, da an sayar da kayan, labarin kuwa ya ɓata har abada.

Don haka in kun tarar da dutse a kafe, ko tsohon tudu, ko tukwane a binne a gonarku, a Shinkafi ko Zurmi ko wani wuri, kada ku tona, kada ku fasa domin gini, kada kuma ku sayar wa baƙo. Ku gaya wa mai gari, shi kuwa ya sanar da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Dokar 1979 ta hana tonon irin waɗannan wurare ba da izini ba.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe aka samo kalmar megalit, mece ce ma'anarta?
2. Don me Dutsen Kwatarkwashi ba megalit ba ne?
3. Wane tsohon wuri ne kusa da garinku, me dattawa suke faɗa a kansa? Ku tambaye su, ku rubuta, ku kawo mu ji.